Ƙarshen Labarin Yana Wajen Baba

A shagon buga takardu da ke daura da ƙofar kwaleji akwai wata mata da ɗalibai ke kira Anti Saime. Kujerarta ce ta can ƙurya, inda fanka ba ta kaiwa. In lokacin rubuta takardar bincike ya zo layi ake yi a gabanta, don hannunta na da sauri, kuma ba ta cinye wa mutum harafi. Aibinta ɗaya ne, shisshigi. Da ta ga a takardarka cewa za ka yi hira da wani tsoho ko wata tsohuwa, sai ta ɗauke yatsunta daga kwamfuta ta dube ka ta saman tabarau.

"Ka je wajensa?"

"Anti, ai babi na ɗaya nake tukuna."

"Ban tambaye ka babi ba. Ka je ko ba ka je ba?"

Yaran kan fita suna ƙunshe dariya, suna cewa matar nan ta fi malamansu takura. Ba laifinsu ba ne, ba su san inda tambayar ta samo asali ba.

Mahaifinta mai aski ne. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bakin titi, tsakanin mai facin taya da mai gyaran rediyo. Kujera ɗaya ce mai juyawa, fatarta ta yage an liƙe da salatif, sai madubi mai tsaga a kusurwa da benci na masu jira. Askinsa ba wani na a zo a gani ba ne, akwai waɗanda suka fi shi hannu a layin. Amma duk uwar da ɗanta ke tsala ihu in ya ji ƙarar injin aski, wajensa take kai shi, don shi da labari yake aski. Yana ɗaura wa yaro mayani a wuya zai soma: "Akwai wani ɗan dako a tasha, aka ɗora masa wani akwati, yana cikin tafiya sai ya ji akwatin yana numfashi." Shi ke nan, yaro ya sandare, kunne ya tafi wajen ɗan dako, kai kuma ya zama na mai aski.

Inda mugun halin nasa yake shi ne, ya iya auna labari da girman kai. Daidai lokacin da ɗan dako ya isa gidan da aka aike shi, ya sauke akwati, murfi ya soma ɗagawa da kansa, daidai nan buroshi zai share gashin ƙarshe daga ƙeyar yaro.

"An gama. Sauka."

"Sai me ya faru?"

"Sai gashi ya tsiro ka dawo."

In yaron ya dawo, wani sabo za a ɗauko masa, na akuyar da ta shiga motar haya ta ƙi sauka, ko na telan da ya ɗinka wa iska riga. In ya yi ƙorafin na baya, sai a ce masa ƙarshen na manya ne, ya bari sai ya yi gemu. Akwai magidantan da suka zo suka nuna masa gemun, ya shafa ya ce ai da saura, sai ya yi furfura. Haka unguwa guda ta tashi da kawunan labarai a ciki, babu mai gindin ko ɗaya.

Ita ce autarsa, ita ke kai masa abincin rana. Takan ajiye kwanon ta maƙale a bakin ƙofa, kuma kafin yaron da ke kan kujera ya buɗe baki ita ta riga shi: "Sai me, Baba? Sai me?" Mai facin taya ne ya fara kiran ta Saime, sunan ya bi ta har makaranta, har sunanta na yanka ya kusa ɓata.

Tana ajin ƙarshe na sakandare aka kawo musu sabon malamin adabi, wani siririn mutum da alli ba ya rabuwa da hannun rigarsa. Shi ya ce kowa sai ya rubuta takardar bincike kafin ya gama makaranta. Yawancin 'yan ajin suka nufi yayyensu neman tsofaffin takardu su kwafa. Saime kuwa ta tsaya bayan an tashi, tana murza bakin mayafi, ta tambaye shi ko labarin da mai aski ke bayarwa a shago yana cikin adabi. Ta ba shi na ɗan dako har inda ta sani. Malamin ya zauna a kan tebur, abin da yake hana su yi.

"Ke, kin san abin da kika riƙe kuwa? Wannan shi ne bincike. Sauran duk kwafe-kwafe ne."

Ranar ba ta san ta yaya ta iso gida ba. Ba a taɓa ce mata abin da ke gidansu ya isa a rubuta shi a takarda ba, balle a ba shi maki.

Malamin mutum ne mai tsari, kuma tsarin nasa ba na mugunta ba ne, haka aka koya masa. Babi na ɗaya gabatarwa, na biyu abin da magabata suka rubuta, na uku hira da mai labari. Ba a taɓa na gaba sai ya sa hannu a na baya da jan biro. Makarantar rikoda ɗaya gare ta, mai kaset, tana kulle a kabad ɗinsa, wanda ya kai babi na uku kaɗai ake ara wa. Ya kuma gaya mata wata magana da ta zauna mata daram a zuciya. Ya ce faɗin farko shi ne na gaskiya. In mutum ya riga ya ba ka labari, ka dawo da rikoda ka ce ya maimaita, kwaikwayon kansa kawai zai yi, zaƙin ya riga ya tafi.

Daga nan gidan ya shiga uku da adabi. Saime na tuƙi a murhu da littafi a hannun hagu. Ba ta da magana sai jigo da salo da zubi. In Umma ta ba da labarin rigimar maƙwabta, sai ta ce wannan ai ba shi da tauraro.

"Tauraron wanke-wanke na can yana jiran ki," in ji Umma. "Tashi, kafin in nuna miki salo."

Yayanta kuwa Farfesa yake ce mata, in za ta wuce ya miƙe tsaye ya cire hula. Ko a jikinta. Ta jera labaran Baba kashi-kashi, na dabbobi daban, na masu sana'a daban, ta gano cewa bai taɓa ba yaro mai tsoro labarin da akwai duhu a ciki ba. Da ta faɗa masa haka, ya dakata da goge almakashi ya dube ta, don shi kansa bai san yana yi ba. Washegari duk wanda ya hau kujera sai ya ji cewa za a sa mai aski a littafi.

Abu ɗaya ne ke ci mata rai, har wata rana ta daure ta tambaya.

"Baba, tsakaninka da Allah, suna da ƙarshe kuwa? Ko dai yaudarar yara kake?"

Ya ɗan ji haushi. Ya ƙwanƙwasa goshinsa da kan mataji.

"Kowanne da nasa. Suna nan. Kafin in fara labari sai na san inda zai sauka. Ban dai taɓa faɗa wa kowa ba ne, ko uwarki. Amma tunda abin ya zama na makaranta, ke zan ba."

Takardar tata ke nan gaba ɗaya. Ita ce za ta zama mutum na farko da ya ji abin da ke cikin akwatin ɗan dako, ta kuma rubuta shi inda ba zai ɓata ba.

Wata ranar damina ta kai masa abinci, ruwa ya tsuge ya tare ta a shagon. An ɗauke wuta, babu kowa a benci, mai facin taya ma ya ja buhu ya rufe kayansa. Baba ya ci kaɗan ya ture kwanon, ya ce kansa ke ɗan sara masa tun safe. Sai ya karkaɗe kujerar aski da tawul ya juyo da ita wajenta.

"Hau."

Ba ta taɓa zama a kanta ba. Ta hau tana dariya, ya ɗaura mata mayani a wuya kamar mai shirin yi mata aski, suka dubi juna ta madubi.

"To, Saime. Yau ranarki ce. Murfi ya soma ɗagawa, ɗan dako ya leƙa, sai..."

Ta toshe kunnuwanta da hannu biyu.

"A'a Baba! Don Allah kar ka faɗa! Ajiye min!"

"Ikon Allah. Ke da kika hana ni sakat tun kina rarrafe?"

"Malam ya ce faɗin farko shi ne na gaskiya. In ka faɗa yanzu babu rikoda, ka ɓata min babi na uku. Saura kaɗan a sa min hannu."

"Ko guda ɗaya? Wannan kawai. Sauran na ajiye wa rikodar."

"Wannan ɗin ai shi ne babba. Haba Baba, ka yi haƙuri mana."

Ya juya ya kalli ruwan da ke zuba daga kwanon rufi. Sannan ya kwance mayanin a hankali ya ninke shi.

"To, Malama. Na ajiye."

Ta lura jikinsa ya yi sanyi, amma ta ɗauka ciwon kan ne. Ita a ranta alfahari ma take yi, ta yi abin da mai bincike na ƙwarai zai yi.

Babi na biyu ya ƙi ƙarewa. Ina za ka samu magabatan da suka rubuta wani abu a kan labarin shagon aski? Malam ya tura ta ɗakin karatu na gari, ta yi ta sintiri a ƙafa. Ya dawo mata da babin saboda ta jera sunayen marubuta ba bisa ƙa'ida ba, ya sake dawowa da shi saboda ta kawo maganar wani ba ta faɗi shafi ba. Kada a ce ta sha wuya, don wallahi daɗi take ji. Kowane jan layi a wajenta alama ce cewa an ɗauke ta da muhimmanci. Sai kuma aka tura malamin wani gari duba jarrabawa, babin ya kwanta a teburinsa har damina ta fara ja da baya.

Baba ya faɗi ne yana tsakiyar aski. Yaron da ke kan kujera shi ya fito da gudu, rabin kai a aske, yana cewa mai aski ya kwanta a ƙasa ya ƙi tashi. Mai facin taya da mai gyaran rediyo suka ciccibe shi zuwa asibiti. Jini ne ya hau, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya tafi tare da shi. Likita ya ce wasu maganarsu kan dawo, a yi ta addu'a. Da aka sallame shi kalma ɗaya ce ta rage a bakinsa, "to", ita yake faɗa in yana jin ƙishi, ita yake faɗa in an gaishe shi. Rubutu kuwa dama bai wuce na sa hannu ba, kuma hannun ne ya mutu.

Baba yana kwance malamin ya dawo. Bai san abin da ya faru ba, ya kira ta ofis da fara'arsa, ya sa hannu da jan biro, ya buɗe kabad ya miƙa mata rikoda da sabon kaset.

"Je ki kawo mana ƙarshen nan. Ni kaina na ƙagu."

Ta karɓa ta fito. A gida ta jingina Baba da matashi, ta ajiye rikodar a kan cinyarsa ta danna.

"Baba, ga ta. An sa min hannu. Murfi ya soma ɗagawa, ɗan dako ya leƙa..."

Ya gane sarai. Idonsa ya kawo haske, ya buɗe baki, jijiyar wuyansa ta miƙe. Labarin yana nan, tana ganin sa a fuskarsa, ya taho har bakin ƙofa. Abin da ya fito shi ne "to". Ya sake yunƙurawa, miyau ya zubo ta gefen da ya mutu. Umma ta shigo ta kashe rikodar, ta ce ya isa haka, kada a ƙarasa mata miji. Ban da muryarta da wannan "to" ɗin, abin da kaset ɗin ya ɗauka shi ne ƙarar fanka da numfashin mutum biyu.

Da malamin ya ji, har gida ya zo dubiya, ya zauna a bakin tabarma kansa a sunkuye. Shi ya ba ta shawara ta bi waɗanda aka yi wa aski suna yara ta tattara abin da suka riƙe. Ta bi su, makanike a ƙarƙashin mota, direba a tasha, wani ma'aikacin banki da ya fito da ita waje don kada abokan aiki su ga yana ba da labarin akuya. Kowa ya ba ta nasa da murna, har da kwaikwayon muryar Baba. Kowa kuma in ya kai daidai wurin da buroshi ke share ƙeya sai ya tsaya, ya dube ta.

"Ke dai ai ya faɗa miki ko? 'Yarsa guda?"

Ba ta taɓa iya gaya wa ko ɗayansu cewa ya so ya faɗa, ita ta toshe kunne ba.

Takardar ta fito, ita ce ta ɗaya a makarantar, har aka karanta wani ɓangare a gaban taron ɗalibai. A babin ƙarshe ta rubuta cewa rashin ƙarshe salo ne na mai labarin, yana barin mai sauraro ya ƙarasa da kansa. Malam ya ja layi a ƙarƙashin wannan jimla ya rubuta "madalla". Ita kuwa ta san ƙarya ta rubuta. Ƙarshen yana nan a ɗakin Umma, a kan katifa, ana juya shi safe da yamma don kada bayansa ya yi gyambo.

Ba ta ci gaba da karatun adabi ba. Yaya ya samu aiki a nesa, Umma ba ta iya ɗaga Baba ita kaɗai, shagon kuma wani ya karɓa ya mai da shi wurin sayar da kayan waya. Ta koyi buga takardu don aikin yana kusa da gida. Da aure ya zo ma sharaɗinta ɗaya ne, kada a kai ta inda ba za ta iya zuwa da ƙafa ba. Abin da ta ɗauko daga shagon shi ne madubin nan mai tsaga da injin aski, don Baba ya ƙi yarda wani ya taɓa masa kai. Duk ƙarshen mako takan zaunar da shi a tsakar gida, ta jingina madubin da bango, ta ɗaura masa mayani.

A nan ta ɓullo da dabara. Tunda ba ya iya faɗa, ai yana iya girgiza kai. Sai ta riƙa ba shi labarin ɗan dako tana aski, in ta kai wajen murfi ta sa nata ƙarshen. Jariri ne a ciki? Ya girgiza kai. Maciji? Ya girgiza. Tsohuwar da ta aike shi ce ta shige ciki don a kai ta gida a kai? Ranar har dariya ya yi da rabin bakinsa, amma ya girgiza. Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Ta haihu, 'ya'yanta suka soma kawo nasu, Umma na cewa wannan ɗan dako ya fi kowa wahala a duniya, har yau ba a sallame shi ba. Saime ba ta gajiya da girgizar kan nan, tana ma son ta. Muddin yana cewa a'a, to na gaskiyar yana nan bai goge ba, kuma wata rana za ta faɗa a kansa. A wajen aiki, tana buga takardun mutane, rabin hankalinta na cikin akwati.

Wata Asabar ta zo a gajiye. Ƙaramin ɗanta ya kwana biyu da zazzaɓi, mai shagon da take aiki ya yi mata faɗa a kan wani shafi da ta tsallake, idonta duk ya faɗa. Ba ta shirya komai ba. Da ta kai wajen murfi sai ta ce, don dai ta sauke nauyi:

"Ya leƙa ya ga ba komai a ciki. Ya koma tasha."

Baba ya daɗe yana kallon ta ta madubi. Ya dubi ramar wuyanta, ya dubi furfurar da ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Sai ya gyaɗa kai.

"To."

Injin ya tsaya a hannunta.

"A'a Baba. Ba haka ba ne. Akwatin fa numfashi yake. Ya za a yi a ce ba komai?"

Ya sake gyaɗawa. Ya ɗago hannunsa mai rai ya dafa nata.

Mako na gaba ta zo da wani ƙarshen daban, wanda ta yi kwanaki tana gyarawa. Ya gyaɗa kai. Ta ce maciji, wanda ya ƙi tun shekarun baya, ya gyaɗa. Ta ce jariri, ya gyaɗa. Hankalinsa kuwa garau yake, don a ranar ma ya nuna wa Umma da ido inda ta manta makullinta. Nan ta gane ya rufe maganar ne. Ya ga abin da neman ke ci a jikinta, ya sallame ta kamar yadda yake sallamar yara daga kujera. Ta durƙusa a gabansa cikin gashin da ya zuba, tana kuka kamar ba uwar 'ya'ya ba.

"Baba, don girman Allah ka girgiza. Ko sau ɗaya. Ni ban gaji ba."

"To," in ji shi, yana shafa mata kai.

Bai ƙara girgizawa ba har ya rasu, kafin damina ta zagayo.

Shi ya sa in ka kai mata babi na ɗaya ka ce ba ka je wajen tsohon ba tukuna, ba za ta yi maka dogon bayani ba. Za ta haɗa takardunka ta daidaita bakinsu a kan tebur, ta ɗora musu abin danne takarda, ta nuna maka ƙofa.

"Bar su a nan, ba inda za su. Tashi ka je yau. In ya buɗe baki, ko a tsaye kake, ko ba ka da biro, ka bar shi ya kai ƙarshe."